Juji Ya Zama Lambu: Labarin Unguwar Darbul Ahmar ta Birnin Alƙahira

A yawancin ƙasashe masu tasowa, duk sa'ad da aka kawo maganar gyaran tsofaffin gine-gine, ba a rasa wanda zai tashi ya ce da asibiti aka gina da kuɗin nan, ko makaranta, da ya fi. Maganarsa kuwa tana da ƙarfi, domin mai jin yunwa ba ya cin hasumiya. An kuma sha ganin inda aka kashe dukiya mai yawa wajen ƙawata wani tsohon masallaci ko wata fada, baƙi suka zo suka yi kallo suka tafi, talakan da ke maƙwabtaka da wurin bai ga ko kwabo ba. Amma akwai wata unguwa a tsohon birnin Alƙahira na ƙasar Masar, ana kiranta Darbul Ahmar, wadda tarihinta na shekara wajen 700 ya nuna cewa gine-ginen da aka gada daga kakanni suna iya ciyad da maƙwabtansu, ya kuma nuna sharaɗin da sai an cika shi hakan ke yiwuwa.

Asalin unguwar

Cikin shekarar 969 ne Jauhar, sarkin yaƙin Halifa Mu'izzu na daular Faɗimiyawa, ya kafa birnin Alƙahira. A shekara mai bi mata ya sa harsashin masallacin Azhar, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a 972. Da fari birnin na sarauta ne kawai, watau halifa da fadawansa da dakarunsa, talakawa da 'yan kasuwa kuwa suna can kudu a tsohon garin Fusɗaɗu. Da Salahuddini Al'ayyubi ya kawad da mulkin Faɗimiyawa a 1171, sai birnin ya zama na kowa da kowa. A 1176 ya ba da umurni a gina ganuwa ta dutse wadda za ta kewaye garuruwan biyu, a kuma gina wata babbar fada mai tsaro a bisa tudun da ke gindin dutsen Muƙaɗɗam. Fadar nan ita ce ake kira Ƙal'a, kuma daga cikinta aka yi ta mulkin Masar shekara fiye da 600.

Tsakanin Ƙal'a da Babu Zuwaila, ƙofar kudu ta tsohon birni, akwai wata hanya wadda ta ratsa filin da a dā maƙabarta ce. Tun da yake sarki ya koma Ƙal'a, kasuwanni kuma suna cikin birni, sai hanyar nan ta zama ita ce sarakuna ke bi da hawansu ran salla ko ran komowa daga yaƙi. Kowane babban bafade yana so a ga sunansa inda sarki ke wucewa. Saboda haka a zamanin daular Mamalik, watau bayin sarkin da suka karɓi mulki daga 1250 zuwa 1517, aka jera gine-gine a bakin hanyar da lungunanta: masallacin Maridani a 1340, na Aslamu a 1345, na Aƙsunƙur a 1347, makarantar da Sarki Sha'aban ya gina wa mahaifiyarsa a 1369, da ginin Khairbak wanda aka fara a 1502. Hanyar ce ta ba unguwar sunanta. Daga gabas kuma ganuwar Salahuddini ta yi mata iyaka, bayan ganuwa sai hamada.

Yadda wakafi ya haɗa dutse da abinci

Wanda ya dubi gine-ginen nan a yau zai iya zaton don ado da alfahari kaɗai aka yi su. Lalle akwai alfahari, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka gina shi tsirara. Kowanne yana da wakafinsa, watau dukiyar da mai ginin ya tsayar har abada, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta kaɗai ake ci. Dukiyar takan zama gonaki a karkara, ko kantuna, ko gidan wanka, ko ɗakunan haya a bisa kantunan, ko kuwa wani babban zangon fatake wanda Misirawa ke kira wikala, ƙasa rumbunan kaya, sama masauki. A gaban alƙali ake rubuta takardar wakafin, a lasafta kowace kadara da iyakarta, sa'an nan a bayyana yadda za a kashe abin da ta samar.

Abin lura a cikin takardun nan shi ne, yawanci gyaran ginin ake sa wa gaba da kome. Sai an tabbatar rufi ba ya yoyo, bango bai tsage ba, kana a biya liman da ladanai da malamai da ɗalibai, da mai shara, da mai kunna fitilu, da mai ɗebo ruwa, da mai tsaron ƙofa. Takardar wakafin babban masallacin Sarki Hasan, wanda aka fara ginawa a 1356 a gindin Ƙal'a, ta tanadi guzurin ɗalibai wajen 500 na mazhabobi huɗu, da albashin ɗaruruwan ma'aikata, har da likitoci. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gama a 1285 yana yi wa mai kuɗi da matalauci magani kyauta da kuɗin wakafi. Zangon da Sarki Ƙaitbai ya gina kusa da Babun Nasri a 1481, kuɗin hayarsa hatsi ake saye da su a kai wa matalautan Madina. A kusurwoyin tituna kuma ga wuraren shan ruwa kyauta, bisa kowanne akwai ɗakin da marayu ke koyon Alƙur'ani, ana ba su gurasa da tufafi.

Mutanen ƙasashen Sudan ta Yamma su ma sun sha inuwar wannan tsari, sun kuma ba da nasu. Masanin tarihin nan Maƙrizi ya ba da labarin cewa a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem sun ba da kuɗi aka gina makarantar Malikiyya ta Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗu, suka riƙa aiko mata da dukiya, alhazansu suna sauka cikinta. A Azhar akwai sashen kwana na ɗaliban Barno. Shehu Muhammadu Alkashinawi, malamin lissafi da taurari ɗan ƙasar Katsina, a Alƙahira ya ƙare kwanakinsa a 1741, a gidan mahaifin Jabarti mai littafin tarihi.

Ba a ce zamanin nan zamanin adalci ne ba. Dukiyar da aka tsayar, yawancinta daga gumin manoman bakin Nilu aka tatso ta, kuma manyan fadawa da yawa sun yi wakafi ne don su tsare wa 'ya'yansu arziki, kada sarki ya ƙwace bayan ransu. Duk da haka tsarin ya haifad da wani abu mai amfani. Ginin yana raye muddin kasuwar da ke kewaye da shi tana ci, kasuwar kuma tana ci domin jama'ar da ginin ke tarawa. Magini da masassaƙi da maƙeri suna da aiki shekara da shekaru, sana'a tana wucewa daga uba zuwa ɗa. Mutumin unguwa ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan kiyaye masallacin, tun da yake a jikinsa tukunyarsa ke tafasa.

Yadda igiyar ta tsinke

Turkawa sun ci Masar a 1517, suka rataye Ɗuman Bai, sarkin Mamalik na ƙarshe, a Babu Zuwaila, suka kwashi gwanayen masu sana'a zuwa Istambul. Amma ba su rushe wakafi ba, unguwar kuma ta ci gaba da samun masu gini. A tsakiyar ƙarni na 17 Ridwan Bai, shugaban ayarin alhazai, ya gina wata rufaffiyar kasuwa daura da ƙofar, inda har yanzu masu ɗinkin tantuna ke zaune suna yanka ƙyalle kala-kala suna liƙawa da allura. A lokacin ne kuma aka yi wa masallacin Aƙsunƙur ado da shuɗɗan fale-falen tangaram, har aka riƙa ce masa Shuɗin Masallaci.

Babban canji ya zo ne a ƙarni na 19. Muhammadu Ali Basha, wanda ya hau mulki a 1805, yana bukatar kuɗin gina runduna da masana'antu, sai ya mai da gonakin wakafi a hannun hukuma. Jikansa Isma'ila, da ya ga birnin Faris ya yi sha'awarsa, ya shata sabon birni daga yamma wajen bakin kogi, mai faffaɗan tituna irin na Turai, ya kuma sauko da fada daga Ƙal'a zuwa Abidin a 1874. Attajirai da manyan ma'aikata suka bi sarauta. Gidajen da suka bari aka rarraba su ɗaki ɗaki ga baƙin da ke kwararowa daga ƙauyuka neman abinci.

A 1881 aka kafa wani kwamiti na kiyaye gine-ginen tarihi na Larabawa, wanda masana na Turai suka fi rinjaye a cikinsa. Kwamitin nan ya yi aiki na ƙwarai har zuwa 1961, kuma ba don shi ba da gine-gine masu yawa sun zama labari. Sai dai ya zo da wani sabon tunani. A ganinsa masallaci abin kallo ne mai lamba a cikin rajista, kantuna da ɗakunan da ke manne da shi kuwa ƙazanta ce da ta kamata a share don a ga kyan ginin. Aka riƙa rushe su. Abin da mai wakafi ya ɗora don ya ciyad da ginin, shi mai gyara ya ɗauka cuta ce.

Bayan juyin mulkin 1952 gwamnati ta soke wakafin iyali, ta mai da sauran ƙarƙashin ma'aikata guda. Kuɗin kanti ya daina zuwa ga masallacin da ke kusa da shi, sai ya tafi babbar taska, gyara kuma ya zama sai an rubuta takarda an jira. Ga kuma dokokin ƙayyade kuɗin haya, waɗanda aka fara tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka ƙara tsananta su a zamanin Jamal Abdul Nasir. An yi su ne don tausayin talaka, kuma sun hana a kore shi. Amma da shekaru suka tura, kuɗin hayar wata guda ya kasa sayen buhun siminti, mai gida ya daina gyara, wani ma addu'a yake gidan ya faɗi ya sami filinsa. Famfunan ruwa da na kwata suka tsufa suna tsiyaya a ƙarƙashin ƙasa, damshi mai gishiri ya hau bango yana cin dutse. A 1979 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon birnin Alƙahira cikin jerin wuraren tarihi na duniya, amma wannan bai toshe ko yoyo ɗaya ba. Girgizar ƙasar da aka yi ran 12 ga Oktoba 1992, wadda ta kashe mutum fiye da 500, ta tarad da gidaje da masallatai sun riga sun raunana.

Ganuwar gabas kuwa ta daɗe da ɓacewa. Tun ƙarshen zamanin Mamalik mutanen birni ke fita da shara da ɓaraguzan gini suna zubarwa a bayanta. Shekara wajen 500 ana haka, har jujin ya zama tuddai, ana kiransu Darrasa, suka binne ganuwar, a wasu wurare zurfin mita 15. Daga ciki kuma mutane suka jingina gidajensu da ita, wasu suka hau kanta. Duk iskar da ta taso daga gabas, ƙura da wari take kawo wa Darbul Ahmar.

Lambu a kan juji

Cikin 1984 aka yi wani taro a Alƙahira a kan yadda birnin ke kumbura. A nan ne Karim Aga Khan, shugaban Isma'iliyawa, wanda gidansu ke danganta kansa da Faɗimiyawan da suka kafa birnin, ya yi alkawarin ba mutanen Alƙahira kyautar wurin shaƙatawa. Bukata ce ta gaske, domin an taɓa ƙiyasta cewa in aka raba filin da ke da tsanwan ciyawa a birnin ga mazaunansa, kowa ba zai sami abin da ya wuce sawun ƙafa ba. Da aka duba ba a sami babban fili a tsakiyar birni ba sai jujin Darrasa, mai faɗin eka wajen 74.

Aikin bai zo da sauƙi ba. An yi jinkiri na shekaru domin hukuma ta riga ta zaɓi wurin don gina manyan tankunan ruwa uku, kowanne faɗinsa mita 80, sai da aka gama su aka rufe su da ƙasa aka shigad da su cikin fasalin lambun. An kwashe tarkace cikin manyan motoci wajen 80,000. Ƙasar wurin gishiri ya cinye ta, ba ta tsirad da kome, dole aka kawo wata aka shimfiɗa, aka yi magudanai a ƙarƙashi, aka kafa wuraren renon itatuwa don a gwada irin da za su jure. An kashe dala miliyan 30, aka yi bikin buɗewa a watan Maris na 2005, aka sa masa suna Lambun Azhar. Ba a daɗe ba masu shigarsa suka kai wajen miliyan 2 a shekara, mafi yawansu kuwa Misirawa ne, iyalai da ɗalibai da angwaye masu ɗaukar hoto. Kuɗin shiga da na gidajen abinci suka ishi lambun ya riƙe kansa.

Ana cikin kwashe jujin sai ganuwar Salahuddini ta fara bayyana, tsawon kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyinta da ɗakunan 'yan baka, har da wata ƙofa da ake kira Babul Barƙiyya wadda ta yi ɗaruruwan shekaru a binne. Shara da ta ɓoye ta ita ce ta kiyaye ta. A nan fa aka zo mararraba. Bisa al'adar da aka gada tun zamanin kwamitin 1881, abin da ya kamata shi ne a rushe gidajen da ke jikin ganuwar, a kwashe mutanensu zuwa bayan gari, a bar fili. Akwai ma wani tsohon shirin hukuma na faɗaɗa titunan unguwar, wanda ya sa gidaje da yawa cikin jerin na rushewa, ya kuma hana masu su gyarawa.

Ma'aikatan gidauniyar Aga Khan mai kula da al'adu suka bi gida gida suna tambaya. Suka tarad da abin da ba a zata ba. Unguwar tana cikin mafi talauci a birnin, amma mutanenta ba 'yan ci-rani ba ne, yawancinsu a nan aka haife su, a nan suke aiki, cikin ƙananan shaguna na kafintoci da masu takalma da maƙeran tagulla da masu ado da ƙwaryar kifin teku a jikin akwati. Da yawa suka ce suna so su zauna, kuma za su ba da nasu kason in za a gyara. Kwashe su zuwa nesa daidai yake da raba su da abincinsu. Bayan doguwar tattaunawa hukumar kayan tarihi ta yarda a bar gidajen jikin ganuwa, a gyara su yadda ruwansu ba zai ɓata dutsen ba. Wannan yarda ta fi lambun kansa muhimmanci a tarihin kiyaye gine-gine a Masar.

Daga nan aikin ya rabu rassa. Wajen gyaran ganuwa da masallatai, maimakon a kawo kamfani daga waje ya yi ya tafi, sai aka mai da wurin aikin makaranta. Samarin unguwa suka koyi sassaƙar dutse, da kwaɓin farar ƙasa irin na dā wanda ke barin bango ya yi numfashi inda siminti ke tsare damshi, da haɗa tagogin katako masu ƙananan ramuka waɗanda ake kira mashrabiyya. Hasumiyoyin ginin Khairbak da na makarantar mahaifiyar Sarki Sha'aban, waɗanda kawunansu suka faɗi a girgizar ƙasa ta 1884, aka mayar musu da su. Aka gyara masallacin Aslamu da dandalin da ke gabansa tare da kantunan kewaye. Shuɗin Masallaci aka sake buɗe shi a 2015. Wajen gidaje kuwa, mai gida ko ɗan haya yana biyan wani kaso a hankali, gidauniya da abokan aikinta suna cika sauran, kuma ana rubuta yarjejeniya tsakanin mai gida da ɗan haya don kada gyara ya zama sanadin kora. Aka kafa asusun ba da ƙaramin rance ga masu shaguna da matan da ke sana'a a cikin gida, aka mai da wata tsohuwar makaranta da ta zama kufai a Darbu Shuglan cibiyar jama'a, aka buɗe wurin shan magani da azuzuwan yaƙi da jahilci. Aka kuma buɗe ƙofofi ta cikin ganuwa, don mai fitowa daga lambu ya gangaro unguwa ya yi ciniki, 'yan unguwa kuma aka rage musu kuɗin shiga.

Wanda ya san tarihin wakafi zai gane fasalin nan. Ga kadara mai kawo kuɗi, ga gini mai bukatar gyara, ga jama'ar da ke cin abinci tsakanin su biyu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Iyakar abin da aka cim ma

Ba daidai ba ne a ce talauci ya ƙaura daga Darbul Ahmar. Gidajen da aka gyara sun ɗan haura 100 ne kawai, a unguwar da ke da dubbai. Gyaran gida ɗaya yana cin kuɗi da lokaci, domin sau da yawa magada sun yi yawa, wasu ba a san inda suke ba. Kuɗin aikin daga waje suka zo, kuma ba kowace unguwa ke da attajirin da zai jira shekara 20 kafin ya ga amfanin alkawarinsa ba. Bayan juyin juya halin 2011, sa'ad da idon hukuma ya kau, sai wasu 'yan kwangila suka rushe tsofaffin gidaje suka kafa dogayen benaye ba da izini ba, har suka tsere wa hasumiyoyi. Kyan da lambu ya ƙara wa wurin shi ya ƙara wa filin daraja, darajar kuma ta jawo masu haɗama. Baƙin da ke zuwa Masar yawon buɗe ido suka ragu daga miliyan 14.7 a 2010 zuwa miliyan 9.8 a 2011, suka ƙara faɗuwa zuwa wajen miliyan 5 a 2016. Masu ɗinkin tantuna da suka dogara ga baƙi sun ji jiki ƙwarai. Lambun kuwa bai rasa jama'a ba, da yake tun asali 'yan gari ne abokan cinikinsa, kafintan da ke yi wa maƙwabta ƙofa da gado shi ma bai rufe shago ba.

Tsohon tunanin nan na share mutane don a ga gini bai mutu ba. A yammacin Luksor akwai ƙauyen Gurna, wanda mutanensa suka zauna bisa kaburburan zamanin Fir'auna, suna aikin haƙa tare da masu bincike, suna sassaƙa tukwanen farin dutse suna sayar wa baƙi, ana kuma zargin wasunsu da satar kayan kabari. Tun a shekarun 1940 hukuma ta sa mashahurin mai fasalin gini Hasan Fathi ya gina musu sabon ƙauye na tubalin ƙasa, amma yawancinsu suka ƙi tashi, domin sabon wurin ya yi nisa da abincinsu. Daga ƙarshen 2006 aka kawo motocin rusau aka tashe su. Kaburbura sun huta da ruwan wanki, mutanen sun sami famfo a sabon mazauni, amma baƙon da a dā ke tsayawa ƙofar gidansu yanzu mota ke wucewa da shi. A Alƙahira ma, a 2020 da 2023, an rushe ɓangarori na tsofaffin maƙabartun birnin don a shimfiɗa manyan hanyoyi, abin da ya ta da hankalin masana da iyalan da ke zaune a wurin.

Sai dai irin da aka shuka ya tsira a wani wuri. A unguwar Khalifa, kudu da Darbul Ahmar, wasu Misirawa masu fasalin gini sun fara wani shiri a 2012 mai suna Athar Lina, ma'anarsa kayan tarihi namu ne. Kafin su taɓa dutse sai da suka zauna da mutanen unguwa suka tambaye su abin da suke so. Suka gyara ƙubbar Shajaratud Durri, macen da ta mulki Masar a 1250, suka buɗe wa yara ajin koyon tarihin unguwarsu, ruwan da ke taruwa a gindin wasu ƙubbobi yana cin harsashinsu kuma aka jawo shi ana ban ruwan wani ƙaramin lambu da shi. Gidauniyar Aga Khan ita ma ta kai dabarar zuwa unguwar Nizamuddin ta birnin Delhi a ƙasar Indiya, da birnin Mopti na ƙasar Mali, inda maginan gari suka gyara babban masallacinsu na ƙasa. Karim Aga Khan ya rasu a watan Fabrairu na 2025, aka binne shi a Aswan ta ƙasar Masar.

Birane masu tsohuwar ganuwa da tsofaffin unguwanni suna da yawa a ƙasashe masu tasowa, tun daga Fas da Zanzibar har zuwa Agadas, wadda UNESCO ta sa cikin jerinta a 2013. Hukumominsu duka suna fatan abin da suka gada zai kawo musu kuɗin shiga, kuma yana iya kawowa. Tarihin Darbul Ahmar ya nuna cewa gine-ginen unguwar sun yi ƙarko a lokutan da maƙwabtansu ke samun abinci a jikinsu, sun kuma lalace a lokutan da aka raba su da juna, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka raba. Saboda haka duk inda aka zo da shirin gyaran wani wurin tarihi, kafin a tambayi yawan baƙin da zai jawo, ya kamata a fara tambayar wa zai yi aikin ginin, ina kuɗin ƙofa za su tafi, kuma mutanen da ke kwana a gindin bangon a yau, ina za su kwana ran da aka gama.